Wane Sharhi Zan Saya? Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Nazarin Littafi Mai Tsarki a Gida

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan tare ni da su bayan an tashi daga ajin nazari. Wasu daga matasa suke fitowa, wasu daga matan zumunta, wasu kuma daga dattawan da aka ɗora wa jagorancin sujadar safe alhali ba su taɓa taka ƙofar makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Na tattara su wuri ɗaya don in huta da maimaici. Amsoshin ra'ayina ne. Fastonka na iya ganin wani abu dabam, kuma ya kamata ka ji nasa.

Mene ne ma sharhin? Me ya raba shi da sauran littattafan Kirista?

Sharhi littafi ne da ke bin Nassi bi da bi, sura bayan sura, aya bayan aya, yana bayyana abin da marubucin ya nufa ga mutanen da ya fara rubuta wa. Littafin ibadar safe yakan ɗauko aya ɗaya ya gina tunanin yini a kanta. Littafin wa'azi yakan zaɓi inda mai wa'azin yake so. Mai sharhi kuwa ba shi da wannan damar: in ya shiga Littafin Firistoci, dole ya bi ta kan dokokin kuturta da na hadaya, ko yana so ko ba ya so.

Malam, ba Ruhu Mai Tsarki ne ke koya mana ba? Me zan yi da ra'ayin ɗan Adam?

Ka duba Ayyukan Manzanni sura 8. Babban ma'ajin sarauniyar Habasha yana cikin keken dokinsa yana karanta Ishaya, Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, shi kuma ya amsa cewa ina zai gane in ba wani ya bishe shi ba. Wa ya tura Filibus wurin? Ruhun ne. Bai ga ƙasƙanci ba a ce mutum ya bayyana wa mutum Nassi. A Nehemiya sura 8 ma, da Ezra ya karanta Shari'a, Lawiyawa ne suka bi jama'a suna fassara musu ma'ana. Bitrus da kansa ya ce akwai abubuwa masu wuyar ganewa a wasiƙun Bulus.

Kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannunka ai aikin malamai ne. Kafin cikakken littafin ya fito a 1932, Likita Walter Miller da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna auna kalma da kalma. Duk wanda ke karanta fassara ya riga ya jingina da ilimin wani, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai dai tsoron da ke bayan tambayarka ba na banza ba ne. Na ga mutanen da sharhi ya zama musu Nassi na biyu, in ka ce musu ga abin da ayar ta faɗa sai su ce ai Malam wane ya ce kaza. Nassi hurarre ne, sharhi ba hurarre ba ne. Mutanen Biriya ko Bulus ba su ƙyale ba, sai da suka riƙa bin maganarsa da Nassosi kowace rana don su tabbatar.

Idan aka ce sharhi na 'yan bishara ne, me ake nufi?

Ana nufin marubucin ya yarda Littafi Mai Tsarki Maganar Allah ce abar dogara, ceto ta wurin bangaskiya ga Almasihu yake, kuma mutuwarsa da tashinsa abubuwa ne da suka faru da gaske. Wannan ita ce ƙasar da ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, Baptis da yawancin Anglikan da Fentikos na ƙasarmu suke tsaye a kai.

Ba kowane sharhin da ke kan kanta ne ya fito daga nan ba. Misali mafi kusa shi ne William Barclay, mutumin Sikotilan, wanda ƙananan littattafansa suka cika ɗakunan karatun fastoci tsofaffi. Wurin bayyana kalmomin Helenanci da al'adun zamanin Romawa, daɗin karatunsa ba a magana. Amma yakan nemi wa wasu mu'ujizai bayani na yau da kullum, kuma ya fito fili ya ce yana ganin a ƙarshe kowa zai tsira. Ba na cewa a ƙone littafinsa. Ina cewa ka san wanda kake zaune a gabansa. Kamfanonin IVP, Crossway, Zondervan da Langham galibi na 'yan bishara suke bugawa. Eerdmans na buga na kowane ɓangare. Gabatarwar littafin, wadda kowa ke tsallakewa, ita ce takan tona matsayin marubuci.

Akwai sharhi da Hausa kuwa?

Akwai, ko da yake ba su da yawa. Mafi girma shi ne fassarar Africa Bible Commentary. Asalin littafin ya fito da Turanci a 2006, a ƙarƙashin jagorancin marigayi Tokunboh Adeyemo, kuma malaman Afirka 70 ne suka rubuta shi, cikinsu har da Farfesa Yusufu Turaki. Kundi ɗaya ne da ya ratsa daga Farawa zuwa Ru'ya ta Yohanna, da gajerun maƙalu a tsattsakani kan abubuwa irin su auren mace fiye da ɗaya, maita, gadon gwauruwa da ƙabilanci. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci suna iya samunsa a wannan harshen ma. A Najeriya, kantunan ACTS, waɗanda cibiyarsu ke Bukuru kusa da Jos, da na Challenge su ne wuraren da zan fara tambaya.

Kuɗina na littafi ɗaya ne tak. Wanne?

Sharhi mai kundi ɗaya da ya ƙunshi dukan littattafai 66. In kana son wanda ya san ƙasar da kake takawa, wancan na Afirka. In Turancinka na da ƙarfi kuma kana son wanda ya fi tsayawa kan ginin Nassin kansa, New Bible Commentary, bugun 1994, wanda D. A. Carson, R. T. France, Alec Motyer da Gordon Wenham suka tace. Amma ka sani, kundi ɗaya tilas ya yi gaggawa. Wata rana za ka buɗe shi da tambaya mai ƙuna, ka tarar ya gama da ayar a layi biyu.

Wani ya ce in tara kuɗi in sayi cikakken jeri gaba ɗaya, ya fi araha.

Kada ka yi. Jeri ɗaya marubuta da yawa ne, wani gwani, wani dama-dama, kuma rabin kundayen ƙura da gara za su ci kafin ka kai kansu. Ka sayi na littafin da kake nazari yanzu. In ka gama Markus ka koma Romawa, sannan ka nemi na Romawa, ko da daga wani jerin ne.

To Matthew Henry fa? Shi ne kowa ke da shi.

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan zumar ta tsufa da kyau. Henry fasto ne a garin Chester na Ingila. Ya fara aikin a 1704, ya rasu a 1714 bayan ya kai ƙarshen Ayyukan Manzanni, wasu fastoci abokansa suka ƙarasa daga Romawa zuwa ƙarshe. Wato in kana karanta "Matthew Henry" a kan Afisawa, ba alƙalaminsa kake karantawa ba, abin da mutane da yawa ba su sani ba.

Ƙarfinsa a zuciya yake. Mutum ne da ba ya barin aya sai ya tatso abin da zai kai ka ga addu'a, kuma a Zabura ko labaran Tsohon Alkawari har yau ban ga wanda ya fi shi ɗumi ba. Rauninsa biyu ne. Na farko, shekaru sama da 300 sun wuce, kuma a cikinsu an tono garuruwa, an gano tsofaffin rubuce-rubucen hannu, har da naɗaɗɗun littattafan da aka fara samu a kogunan Tekun Gishiri a 1947. In ka tambaye shi dalilin da ya sa Littafi Mai Tsarki na zamani ya sa alama a Markus 16:9-20 ko a labarin matar da aka kama da zina a Yohanna 8, ba zai amsa maka yadda malamin yau zai amsa ba. Na biyu, Turancinsa na da can ne, jimla ɗaya sai ta ci rabin shafi. Wanda ake sayarwa a kundi ɗaya galibi taƙaitacce ne. Cikakken kundi shida ne.

Ka riƙe shi, amma kada ya zama shi kaɗai. A cikin tsofaffi, J. C. Ryle a kan Bisharu huɗu ya fi shi sauƙin harshe nesa ba kusa ba.

Waɗanne jeri ne suka dace da wanda bai je makarantar tauhidi ba?

Zan faɗi waɗanda na yi amfani da su da hannuna. Jerin Tyndale ƙanana ne, suna bin aya-aya, ba sa bukatar ka san Helenanci ko Ibrananci. A cikinsu Derek Kidner a kan Karin Magana, wanda ya fito tun 1964, da nasa na Farawa da Zabura, abin mamaki ne: mutumin yakan faɗi a jimla ɗaya abin da wani zai cika shafi da shi. Dole ka karanta shi a hankali, kamar mai tsotsar ƙashi.

Jerin The Bible Speaks Today kuwa ana karanta shi ne daga farko zuwa ƙarshe kamar littafi, ba a tsinta-tsinta. John Stott a kan Romawa, a kan Ayyukan Manzanni, da kan Huɗuba a Bisa Dutse, su nake fara miƙa wa duk wanda ya ce yana so ya wuce nono ya fara cin tuwo. Warren Wiersbe ya fi su duka sauƙi, malaman makarantar Lahadi na ƙaunarsa saboda yadda yake tsara darasi, sai dai inda ayar ta yi tsauri yakan lallaɓa ya wuce. NIV Application Commentary ya raba kowane sashe uku: ma'anar asali, gadar da ke tsakanin zamaninsu da namu, da amfanin yau. Kashi biyun farko na da kyau. Na ukun sau da yawa Amurka yake kallo, sai ka ji ana misali da wasannin da ba mu taɓa gani ba.

Akwai kuma wanda ba sharhi ba ne sosai amma yana buɗe ido, na Craig Keener a kan al'adu da tarihin da ke bayan Sabon Alkawari. Ba ya gaya maka abin da za ka gaskata, yana gaya maka abin da mutumin Koranti ko na Galili ya riga ya sani kafin a karanta masa wasiƙar.

Manyan nan masu kauri fa, na malaman jami'a?

Irin su Word Biblical Commentary da New International Greek Testament Commentary an rubuta su ne don masu karanta harsunan asali. In ka saya don nazarin safe, kuɗinka ka jefa rijiya. Jerin New International Commentary da Pillar suna tsakiya: Douglas Moo a kan Romawa ko Carson a kan Yohanna mai ƙwazo zai iya bi, in ya yarda ya tsallake bayanan ƙasan shafi. Amma sai ka riga ka ƙoshi da ƙananan.

Ina tsaye a kanti, littafin na hannuna. Yaya zan gane mai kyau ne?

Kada ka yi cinikin biri a sama. Bangon littafi da yabon da aka jera a bayansa ba su gaya maka komai. Ka tafi da ayoyi biyu a ranka.

Ta farko mai wuya. In sharhin 1 Korintiyawa ne, buɗe 15:29, inda ake maganar yin baftisma saboda matattu. In na Ibraniyawa ne, 6:4-6. In na Farawa ne, 'ya'yan Allah da 'yan matan mutane a sura 6. In na 1 Bitrus ne, ruhohin da ke kurkuku a 3:19. Marubucin kirki zai ce maka wurin nan da wuya, ga yadda masu bi suka fahimce shi, ga wanda na fi karkata gare shi, ga dalilina. Wanda ya tsallake ayar kamar bai gan ta ba, ajiye shi. Wanda ya ba ka amsa ɗaya yana buga ƙirji kamar ba a taɓa gardama a kai ba, shi ma ajiye shi, ya ma fi na farkon haɗari.

Ta biyu wadda ka sani sarai, irin da ake rubutawa a bayan mota. Filibiyawa 4:13, alal misali. Ya nuna maka cewa Bulus yana ɗaure ne sa'ad da ya rubuta, kuma maganar iya zama da ƙoshi da iya zama da yunwa yake yi? Irmiya 29:11, ya tuna maka cewa ga 'yan bauta a Babila aka aika ta, kuma aya ɗaya kafin nan an ce musu sai shekara 70 ta cika? A 3 Yohanna aya 2, ya gane gaisuwar buɗe wasiƙa ce, irin tamu ta fatan kana lafiya, ko kuwa ya mai da ita alkawarin arziki?

Ga wata da nake so ƙwarai. A maganar raƙumi da kafar allura, akwai labarin da ke yawo cewa wai wata ƙaramar ƙofa ce a ganuwar Urushalima, sai an sauke wa raƙumi kaya ya durƙusa kafin ya shige. Mu da muka san ƙofofin ganuwa da raƙuma, labarin na shiga ranmu nan da nan, ni ma na taɓa koyar da shi. Amma babu shaidar cewa ƙofa mai wannan suna ta wanzu a zamanin Yesu. Almajiran ma ai ba su ce "to sai a durƙusa" ba, cewa suka yi wa zai tsira ke nan, aka amsa musu cewa ga mutane ba mai yiwuwa ba ne. Sharhin da ya ba ka labarin ƙofar a matsayin tabbas, mai shi bai bincika ba, kwafa ya yi.

Na duba sharhi biyu, duka na 'yan bishara, sun saɓa wa juna. Wa zan bi?

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A kan allahntakar Almasihu, gicciye da tashi daga matattu ba za ka same su sun rabu ba. Inda suke rabuwa sananne ne: baftismar jarirai ko ta manya, zaɓen Allah da 'yancin mutum, baye-bayen Ruhu, hidimar mata, da al'amuran ƙarshen zamani. Gordon Fee ɗan Fentikos ne, don haka a 1 Korintiyawa 12 zuwa 14 zai ce maka harsuna da annabci suna nan. John MacArthur zai ce irin waɗannan baye-bayen sun tsaya da zamanin manzanni. Bible Knowledge Commentary, na malaman makarantar tauhidi ta Dallas, da Believer's Bible Commentary na William MacDonald, suna koyar da fyaucewa kafin ƙunci mai girma da mulkin shekara dubu na zahiri. Marubutan da suka bi layin John Calvin, malamin gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16, yawanci ba haka suke karanta Daniyel da Ru'ya ba.

Kada ka ƙirga kawuna, kada kuma ka bi wanda ya fi suna. Koma kan Nassin ka ga wanda dalilinsa ya fi zama daidai da ayoyin da ke gaba da baya. Ka san abin da ikkilisiyarka ke koyarwa, ka kai wa fastonka tambayar. Wani lokaci kuma amsar gaskiya ita ce ban yanke ba tukuna, kuma ba zunubi ba ne.

Littafi Mai Tsarki mai bayanai a ƙasan shafi bai isa ba?

Don farawa ya isa, kuma Africa Study Bible na 2017 na da amfani. Matsalarsa ɗaya: da yake bayanin da Nassin suna shafi ɗaya, bayan shekara biyu sai mutum ya kasa tuna wanne ne na sama, wanne ne na ƙasa. Haka ra'ayoyin da ke cikin Littafi Mai Tsarki mai bayanai na Scofield, wanda ya fito a 1909, suka zauna a kawunan mutane kamar ayoyi. Wanda nake jan kunne a kansa shi ne na Dake, wanda ya fito a 1963, mai farin jini a wurin matasa masu wa'azi saboda yawan jere-jerensa. Yana koyar da cewa Allah Uba na da jiki mai gaɓoɓi, abin da ikkilisiya ba ta taɓa karɓa ba, kuma bugunsa na farko ya ɗauki dalilan goyon bayan raba fari da baƙi.

Bature zai iya yi mini sharhin da ya dace da rayuwata a nan?

A kan ma'anar kalma da tarihi, ƙwarai kuwa, kuma rashin godiya ne a musa. Amma akwai wuraren da kai ka fi shi kusa da Nassin. Malamin da ya tashi a birnin Landan sai ya yi shafi guda yana bayyana mene ne kala a gonar Bo'aza, mene ne masussuka, me ya sa ake shiƙa da iska. Kakarka ta san wannan tun tana yarinya. Kishin da ke tsakanin Hannatu da Feninna, ko Rahila da Lai'atu, shi a littafi ya karanta, kai wataƙila a gidan ka girma. Maganar naman da aka miƙa wa gumaka a 1 Korintiyawa 8 zuwa 10, shi yakan nemi abin da zai kwatanta ta da shi, alhali a ƙauyuka da yawa tambaya ce ta ranar biki. Haka aljanu, haka tsanani a 1 Bitrus. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa nake so a haɗa biyu, kuma shi ya sa nake murna da irin aikin Samuel Ngewa na Kenya a kan Galatiyawa da wasiƙun Timoti da Titus. Amma zama ɗan Afirka ba ya sa mutum ya yi daidai. Gwajin ayoyi biyun nan kowa ake yi wa.

Na waya fa, na kyauta?

Bible Hub, Blue Letter Bible da e-Sword suna ɗauke da sharhi masu yawa, sai dai yawancinsu tsofaffi ne da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, irin su Henry, Calvin da Spurgeon. YouVersion na da fassarar Hausa, kuma jera fassara biyu ko uku gefe da gefe shi kansa rabin sharhi ne. Wanda ba shi da sunan marubuci, bar shi. Sababbin littattafan da ake turawa ta WhatsApp ba da izinin masu su ba kuwa, abin kunya ne a yi nazarin "kada ka yi sata" da su. In kuɗi ne matsala, ku haɗa hannu ku huɗu ku sayi ɗaya, ko ka roƙi Baba Fasto aro, ka kuma mayar.

Na saya. Yaya zan yi amfani da shi?

A rufe, da farko. Yi addu'a, karanta sashen sau uku, in da hali a fassara biyu. Rubuta abin da ka gani da abin da ya ɗaure maka kai. Sai bayan nan ka buɗe sharhin, da tambayoyinka a hannu. In ka fara da shi, idonka ba zai ƙara ganin komai ba sai abin da ya nuna maka. Kada ka tsallake bayanin farkon littafi, inda ake faɗin wanda ya rubuta, ga wa, da dalili. Minti ashirin a nan na warware rikicin wata guda. Kuma ka riƙe fensir. Inda ba ka yarda ba, sa alamar tambaya a gefe.

Da wane littafi zan fara? Ni Ru'ya ta Yohanna nake so.

Kowa ita yake so. Calvin ya yi sharhin kusan dukan Sabon Alkawari, amma bai yi na Ru'ya ba. Littafin cike yake da hotunan da aka ɗebo daga Fitowa, Ezekiyel, Daniyel da Zakariya, wanda bai san waɗannan ba kuwa sai ya cike gurbin da labaran rediyo. Fara da Markus, sura 16 ne, ko Filibiyawa, sura 4. Daga nan Farawa, sannan Romawa tare da Stott. In ka yi wannan a shekara ɗaya, dawo mu zauna mu yi maganar dabbar nan mai ƙaho goma.